Fankar Hure da Tantabarar Harami

Duk lungun da ke bayan masallacin Hindawiyya a Makka babu wanda bai san Usɗa Kabo ba ya iya jira ba. In ka kai masa gyaran risho, kafin ka gama faɗin abin da ya same shi ya riga ya kwance shi, ya baje kayan cikinsa a kan buhu, yana ce maka, "Ci gaba, ina ji." Shayi ma ba ya bari ya huce. Usɗa laƙabin gwanin sana'a ne a can. Gajere ne, hularsa kullum a karkace, kunnensa ɗaya ya ɗan yi nauyi saboda shekarun da ya kwashe yana bugun garwa.

Mutumin Ringim ne. Ya baro gida yana sabon ango, shi da matarsa Hure da jaki ɗaya, da niyyar aikin hajji, a zamanin da ake zuwa a ƙasa. Jakin bai wuce Fallomi ba. Su kuwa suka yi ta tafiya suna yada zango, shi a gaba yana waiwaye yana tsaki, ita a baya da tukunya a ka tana takawa yadda ta ga dama. A Lubayya ya zauna wurin wani maƙerin kwano ya koyi yankan garwa da liƙi da dalma. A Madani suka yi tsintar auduga, a can kuma suka binne ɗansu na fari. Da suka tsallaka ruwa daga Sawakin suka yi hajji, sai suka ce bari su ƙara ɗaya kafin su juya. Har aka shiga shekarun 1960 ana ƙara ɗayan nan, Idris da suka haifa a Makka har ya girma yana tuƙa tasi.

Kabo yana gyaran risho, wanda mutanen Makka ke kira dafur, da fitilu da butoci da garewanin 'yan ga-ruwa. Hure kuwa ita ke ciyar da lungu. Da safe waina, da yamma tuwo da miyar kuka, kuma duk ɗan dako ko ɗan ga-ruwan da ƙamshin daddawa ya tuna wa gida, ƙofarta yake nufa. Abin dariyar shi ne, matar mai gyaran risho ba ta yarda da risho ba. Cewa take tuwon da aka tuƙa a kansa kananzir yake ɗanɗano, kuma tanda ba ta jin magana sai da itace. Kabo ya yi musu, ya yi rantsuwa, ya gaji ya bari.

Ɗakin da take girki a ciki asalinsa furun ne, wato gidan gashin burodi. Wani mutumin Bukhara ne ya daɗe yana gasa burodin tamis a wurin. Da ya rasu aka rushe tandarsa, mai gidan, Amm Tijjani, ya ba wa Kabo haya. Amm Tijjani jikan Hausawa ne, haifaffen Makka, Hausarsa rabi Larabci, yana zaune a bene da iyalinsa. Abin da ya rage na furun shi ne bututun hayaƙi, ginin jan tubali da ya bi bangon baya, ya ratsa bene, ya ɓullo saman soro. Tun kafin su shigo aka toshe bakinsa na ƙasa da duwatsu da laka saboda ɓeraye. Ɗakin ba shi da taga, bango uku na maƙwabta ne, kuma baladiyya, hukumar gari, ta hana hura wuta a lungu. Saboda haka hayaƙin Hure sai ya zagaye ɗaki, ya gaisa da kowa, sannan ya fita ta ƙofa in ya ga dama. Abin haushi, mutumin da ke gyara wa unguwa kaf kayanta bai taɓa ɗaga kai ya dubi wannan ba. Shi dai ya san ɗakin girki da hayaƙi yake, haka ya ga na uwarsa.

Idon Hure ne ya fara kai ƙara. Ya yi ja, ya riƙa zubar da ruwa, da safe kwantsa ta liƙe shi sai an jiƙa. Ta sa kwalli, ta wanke da zamzam, ta ce zai wuce. Bai wuce ba. Idris ya sa ta a mota kusan da ƙarfi ya kai ta wurin likitan ido. Likita ya duba, ya ba da maganin ɗigawa, ya faɗa musu gaskiya: hayaƙi ne ke cin idon, in ta ci gaba da wuni a cikinsa, idon zai tafi.

Da suka dawo Idris ya tsaya a bakin ƙofa yana kaɗa makullin mota. "Ummi, halas, ya isa haka, ki bar girkin nan. Na kama shaƙƙa, gidan haya, a unguwar Kudai, akwai wuta, akwai famfo. Ki zauna ki huta."

"In zauna in yi me?" in ji Hure. "In riƙa kallon bango kamar baƙuwa?"

"To idonki fa?"

"Idona na Allah ne. Ranar da ka ga na bar murhu, ka je ka ɗauko makara."

Ta ɗaura zani, ta shige cikin hayaƙinta. Idris ya dubi ubansa ya ce, "Abuya, ka yi mata magana." Kabo kuwa ya san matar nan tun tana taka hanyar Abashe da ƙafa a kumbure, ya san ba maganar da za ta fitar da ita daga ɗakin nan. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai ji ba tun ranar da suka hau jirgin katako a Sawakin. Tun da Hure ba za ta fita ba, to hayaƙin ne zai fita.

Ya taɓa zuwa gyara a wani otel a unguwar Ajyad ya ga fanka a bangon ɗakin girki tana zuƙe hayaƙi tana jefa shi waje. Wutar lantarki kuwa ba ta daɗe da shigowa lungunsu ba. Washegarin zuwa wurin likita ya sauka kasuwar gwanjo ya sayo wata tsohuwar fanka da ta yi tsatsa, ya kwance ta, ya wanke da kananzir, ya juya fukafukanta don ta riƙa zuƙa maimakon hurawa. Ya yanka garewani ya ƙera rumfar kwano da za ta rufe saman murhu ta tattara hayaƙi zuwa bakin bututu. Amm Tijjani ya yarda a ja waya daga bene. Kafin azahar Kabo ya kai wa toshiyar nan ta laka hari. Duwatsu suka zubo, kunkunniya ta biyo baya, ta mai da shi baƙi ƙirin daga hula har ɗan yatsa. Sai ƙirare suka faɗo, da busasshen kashin tsuntsu, da gashi ɗaya mai ruwan toka da ya sauko a hankali. Kabo ya sa kunnensa mai kyau a bakin ramin, ya ji kuka daga can sama, irin kukan da ya sani tun yana yaro.

Ya hau soro yana taka matakala bibbiyu. Bututun ya tsaya a kusurwa, tsawonsa ya kai ƙirjin mutum, da ɗan murfin dutse a kansa. Ya leƙa. A ƙarƙashin murfin, inda wani tubali ya ɗan fito, tantabara ce kwance a kan sheƙa. Ta juyo da jan idonta ta dube shi ba tare da ko ɗar ba, ta ɗan gyara kwanciya har ya hango ƙwai biyu.

Abin da ya fara zuwa masa a rai, Allah ya yafe masa, farfesun 'yan shila ne, don a Ringim ya yi kiwon tantabaru a tukwane. Na biyun shi ne, nan ba Ringim ba ne. Duk wanda ya kwana a Makka ya san tsuntsun Harami ba a kashe shi, ba a korarsa, ba a razana shi, ba a taɓa ƙwansa. Yana tsaye hannunsa a kan murfi sai ga Amm Tijjani ya ƙaraso yana haki.

"Ya Usɗa, hannunka," in ji shi. "Wannan hamam na Harami ne. A gidana ba za a taɓa shi ba."

"Na taɓa shi ne? Kallonsa nake."

"To ka kalle shi daga nesa."

Bayan la'asar Kabo ya tare Malam Yunus, limamin lungu, a ƙofar masallaci. Ya san amsar, amma dai ya zo neman ƙofa.

"Allah gafarta malam, in na ɗauke sheƙar a hankali na matsar da ita gefe fa?"

"Ka tashe ta ke nan."

"In na kunna fanka hayaƙi ya hau, ta tashi da kanta?"

"Wa ya aika hayaƙin?"

Kabo ya sosa ƙeya. "To in na tsaya kusa da ita tari ya zo mini?"

Malam Yunus ya dube shi ta saman tabarau. "Tarin Allah, ko wanda ka hau da shi daga ƙasa?"

"To na ji an ce wanda ya kashe ta tunkiya zai yanka. In yanka tunkiyar tun yanzu in huta mana."

"Kaffara ta wanda ya yi kuskure ce ya yi nadama, Usɗa. Ba tikitin mota ba ce da ake saya kafin a hau. Ka yi haƙuri 'ya'yan su tashi, in sheƙa ta zama kango ka yi aikinka."

Haƙuri, ga Kabo. Wanda ya san shi ya san an ɗora masa babban kaya. Kullum da hantsi sai ya bar rishon mutane a kwance ya hau ya leƙa. Ƙwai suka ƙyanƙyashe, 'yan shila suka fito munana, suka yi gashi, suka fara miƙa fiffike. Kabo har ya fara yi musu kirari. Ranar da ya ga babban ya tsaya a bakin murfi yana shirin tashi, sai ya leƙa ciki da murna, ya tarar uwar ta matsa gefe ta kwanta a kan sababbin ƙwai biyu. Ya tsaya yana kallonta, tana kallonsa. Shi da ya yi kiwonsu ya manta cewa tantabara in wuri ya yi mata daɗi ba ta jiran na fari su tafi.

Nan fa dabarar Ringim ta motsa. Ya ce tun da ba a kora, ai ba a hana gayyata ba. Ya zauna ya ƙera ɗakunan tantabaru da garewani, kowanne da ƙofa zagayayya da ɗan dandamali da rumfa ta kare rana. Ya jera su a ɗaya ƙarshen soron, ya shimfiɗa ciyawa a ciki, ya watsa alkama, ya ajiye ruwa a kasko. Aiki kam ya yi kyau, nan ne matsalar. Kafin mako ya zagayo tantabarun Hindawiyya sun ji labari. Suka zo daga kan masallaci, suka zo daga kasuwa, har waɗanda ba a san daga inda suka fito ba. Kowace garwa ta cika, masu jiran ɗaki suka jeru a kan katanga. Ita kuwa wadda aka yi don ita, ko leƙowa ba ta yi ba.

A soron nan Fatsuma, matar Amm Tijjani, take shanya. Ranar da ta kwaso fararen rigunan mijinta da tambarin kashin tantabara a kowace kafaɗa, an ji muryarta har bakin titi. Amm Tijjani ya sauko da riga ɗaya a hannu ya shimfiɗa ta a gaban Kabo.

"Ya Usɗa, wannan aikin wa?"

"To a kwashe garewanin mana," in ji Kabo a sanyaye.

"A kwashe? Sun yi ƙwai a ciki. Ka kawo mini baƙin da ba ni da ikon sallama, Allah ya shirye ka."

Lungu ya yi ta dariya, har 'yan ga-ruwa suka riƙa tambayarsa ko akwai sauran ɗakin haya a sama. Shi ma yakan yi dariyar, amma ba ta wuce baki ba, don yana ganin abin da ba su gani ba. Hure ta fara lalube kafin ta ɗauki ludayi. Masu saye ta koma gane su da murya. Wata safiya yana zaune a bakin ƙofa ya ga ta ɗebo ƙullu ta zuba shi a gefen tanda, ya gangara cikin wuta. Ta yi maza ta ja itace ta rufe wurin, ta ɗauka bai gani ba.

Ya ajiye abin da ke hannunsa ya miƙe ya nufi matakala.

"Malam," in ji Hure ba tare da ta juyo ba. "Ina za ka da wannan saurin?"

"Sama."

"Ka yi me?"

"Abin da ya kamata in yi tun tuni. In zunubi ne a rubuta mini. Ba zan zauna tsuntsu ya ci miki ido ba."

Ta juyo da jajayen idanunta wajen da muryarsa take. "Ban tako daga Ringim har nan ba don a kori tsuntsun Harami saboda ni. In ka taɓa ta, ko ka sa fankar ba zan girka a ƙarƙashinta ba."

Ya hau duk da haka, don ƙafarsa ta riga ta ɗauki hanya, amma bai taɓa komai ba. Ya zauna a ƙasa ya jingina bayansa da bututu, rana tana dukansa, baƙin ciki ya cika masa ciki. Tun farko ya san akwai wata hanya. In ya huda gefen bututun a ƙasa da sheƙar, ya zura faifan kwano ya yi mata daɓe, hayaƙi zai fita ta gefe ya bar ta a samanta lafiya. Ya ma taɓa gwadawa. Bugu ɗaya ya yi da guduma ta zabura ta miƙe tsaye, shi kuma ya ja da baya yana istigfari.

Yana zaune sai ya ji dum a gadon bayansa. Can ƙasa Hure ta ja turmi jikin bangon baya, inda ya saba zama, ta fara daka. Dum. Dum. Tun da aka buɗe toshiyar, ƙarar ta ƙara hawowa sama ta cikin ramin, tubali yana amsawa, ƙura tana zubowa daga bakin murfi. Kabo ya miƙe a hankali ya leƙa. Tantabarar tana kwance, ido a lumshe, tana gyangyaɗi. Ai ita da kakanninta a kan dakan Hure aka ƙyanƙyashe su.

Ya sauka ya ɗauko kurfi da ƙaramar guduma, ya dawo ya durƙusa. Ya kafa bakin kurfin tsakanin tubali biyu, ya saurara, ya ɗaga hannu tare da taɓarya, ya sauke tare da ita. Ya leƙa. Ba ta motsa ba. Ya ƙara. Ba ta motsa ba.

Malam Yunus da aka kai masa zancen ya shafa gemu ya ce, "In ba ta tashi ba, ba ka kore ta ba." Amm Tijjani ya ce shi bai yarda da shaidar Kabo a kan kansa ba, ya sa aka hau masa da kujera da butar shayi da laima, ya zauna inda yake hango kan tantabarar.

Haka aikin ya tafi. Hure tana daka a ƙasa, mijinta yana bugu a sama. Kai, ranar farko ya sha wuya. Hure ba ta taɓa yin sauri don wani ba, kuma ba ta fara ranar nan ba. Tsakanin taɓarya da taɓarya hannunsa har ƙaiƙayi yake, amma dole ya tsaya da guduma a sama ya jira matarsa. Mutumin da ya ratsa ƙasashe yana gaba tana baya, yau ita ke sa masa taki. Da ya sauko ya ce ta ɗan ƙara hannu, sai ta ce, "Haka nake dakana. In na canza, ai baƙuwarka za ta gane."

Da geron gidan ya ƙare, maƙwabtanta Zali da Ɗaso suka zo da nasu da taɓarensu, aka koma lugude. Taɓarya uku a turmi ɗaya, Kabo ya samu bugu uku inda da yake samun ɗaya, har yana murmushi shi kaɗai. Lungu ya ji ana daka kyauta, kowa ya kawo nasa: mai shinkafar waina, mai kanwa, mai lalle, har Fatsuma da ta yi fushi ta aiko da kofi. Wata ta kawo barkono. Ƙurarsa ta bi ramin ta hau ta sami Kabo a hanci. Ya toshe baki da hula, ya rarrafa har ɗaya ƙarshen soron hawaye na zuba, ya sa kai cikin kwandon wanki sannan ya saki atishawar. Amm Tijjani ya leƙa lungu ya sanar da cewa daga yau an hana barkono.

Sau ɗaya aka kusa yin ɓarna. Ɗaso ta faɗi wata magana a kan surukarta, matan suka tsaya cak don dariya, gudumar Kabo ta sauka ita kaɗai, ƙwas. Tantabarar ta miƙa wuya, ta tashi a kan ƙafafunta, ta buɗe fiffike rabi. Amm Tijjani ya tsaya da finjalin shayi a bakinsa. Ta duba hagu, ta duba dama, ta juya ƙwanta da baki, ta koma ta kwanta. Daga ranar aka yi doka, in za a tsaya Hure za ta fara buga bakin turmi, kuma ba a ba Ɗaso damar magana sai an sauke taɓarya.

Tubalan suka fito ɗaya bayan ɗaya, yana zare su da yatsu yana ajiyewa a kan buhu. Ya zura faifan kwano a ƙarƙashin sheƙar, ya dame laka da ciyawa ya shafe shi da kauri ta ƙasa don kada zafi ya kai ga ƙwai. A ramin da ya huda ya haɗa bututun garwa, ya ja shi a kwance bisa katanga har kusurwar da ba shanya ba tantabaru, sannan ya miƙar da shi sama. A ɗakin girki ya kafa fankar a bakin bututu na ƙasa, ya rataya rumfar kwano bisa murhu, ya liƙe duk wata kafa.

Ranar gwaji Idris ya ajiye tasi ya zo, Zali da Ɗaso suka tsaya a bakin ƙofa, Amm Tijjani yana sama a bakin aikinsa. Hure ta jera itace ta hura wuta, ta ɗora tanda. Hayaƙi ya taso ya fara bin hanyarsa ta kullum. Kabo ya yi bisimilla ya danna. Fankar ta yi tari, ta yi gurnani, ta kama juyi. Hayaƙin ya tsaya kamar mai shawara, sannan ya lanƙwasa ya shige ƙarƙashin rumfa. Kaɗan kaɗan ƙurya ta bayyana, tulun da ke can ciki ya bayyana, har hasken ƙofa ya kai bangon baya. Kowa kunnensa yana sama.

"Ya Usɗa," muryar Amm Tijjani ta sauko ta matakala. "Tana kwance. Barci ma take."

Zali ta rangaɗa guɗa, Ɗaso ta toshe mata baki tana nuna sama da yatsa. Idris ya daɗe yana kallon fankar, sannan ya sumbaci kan ubansa, ya zauna ya ci waina bai sake ambatar Kudai ba. Hure kuwa cewa ta yi abin yana da ƙara, kuma iska tana sa wuta cin itace. Kabo ya san wannan a bakinta godiya ce.

Idon bai warke a rana ɗaya ba. Ta ci gaba da ɗiga magani, jan ya riƙa raguwa, ruwan ya tsaya. Kabo, wanda bai taɓa jiran komai ba tare da tambaya ba, wannan karon bai tambaya ba, don yana tsoron amsar. Sai dai yakan matso da buhunsa bakin ƙofa yana aiki yana satar kallon hannunta.

Wata safiya masu saye sun watse, yana liƙin wata buta, sai ya ji tanda ta yi shiru. Ya ɗaga kai. Hure tana zaune da cokali a hannu, ta zuba masa ido.

"Malam, matso nan."

Ya matsa ya durƙusa a gabanta. Ta kama haɓarsa ta juya fuskarsa wajen haske, ta dubi wannan gefe, ta dubi wancan.

"Yaushe gemun nan ya yi fari haka, ba wanda ya gaya mini?"

"Ya daɗe," in ji Kabo.

"Har gira. Ikon Allah. Ni ina nan ina ta cika wa saurayi kwano, ashe tsoho nake ciyarwa." Ta saki haɓar, ta ɗaga kai ta bi ɗakin da kallo. "Kuma dubi bangon nan. A cikin wannan baƙin nake ba mutane abinci, kuna gani kuka yi shiru? Gobe ka nemo farar ƙasa."

Kabo ya buɗe baki zai ce yau ma za a yi, sai dariya ta ƙwace masa, idanunsa suka cika taf. Ya waiga yana neman hayaƙin da zai ɗora wa laifi, ɗakin kuwa fes yake.

"Mene ne kuma?" in ji Hure.

"Ba komai."

"Ina ganinka fa," ta ce, ta miƙa masa gefen mayafinta.